Gidan da Nana Asma'u Ta Koyi Shugabanci

Sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a kunnen kowa a makarantar nan. Akwai makarantun 'yan mata masu sunanta, akwai islamiyyu, akwai ɗakunan kwanan ɗalibai mata a manyan makarantu. Amma in ka tare mutane a bakin ɗakin lakca ka tambaye su wace ce ita, amsar ba ta wuce abu uku: 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, ta yi waƙoƙi, ta karantar da mata. Shi ke nan, a wuce wurin. Ni kuwa abin da ya fi ɗaure mini kai game da ita daban ne. Matar nan ba a taɓa naɗa mata rawani ba, ba ta riƙe gari ba, ba ta da dogari ko ɗaya, amma ta kafa wani tsari na jagorancin mata da ya rayu bayan ta, ya rayu bayan zuwan Turawa, alhali sarautu da yawa na zamaninta sun zama labari. A ina ta koyi wannan? Yanzu da kakar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta ƙarato, bango ya fara cika da fastoci, kowa kwamared ne kowa jagora, na ga tambayar ta cancanci shafi biyu a mujallarmu.

An haife ta a Ɗegel a wajen 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan uwanta Hassan. Da an bi al'ada da Usaina za a kira ta, sai Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, sai sauran matan Shehu suka rene ta, cikinsu har da A'isha da Hauwa, wadda ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗegel ba birni ba ce, ƙauyen malamai ne da almajirai ke kwararowa daga ko'ina, kuma duk wanda ya tashi a babban gida ya san wa ke ɗauke da nauyin irin wannan taro: wadda ke auna hatsi, wadda ke raba tuwo ya isa kowa, wadda ke kashe rigimar tsakar gida kafin ta kai zaure. Marainiya da ta ga kishiyoyin uwarta sun riƙe ta kamar 'yar cikinsu, ta riga ta ga darasin farko na riƙon amana tun ba ta iya wanke allo ba.

Kuma matan gidan ba girki kaɗai suke ba. Mahaifiyar Shehu, Hauwa, da kakarsa Ruƙayya mata ne masu ilimi. Yayar Asma'u, Khadija, malama ce, ita ta haifi shahararren malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Shehu kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke tara almajirai a waje don a ce da su malamai, amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Da wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa, ƙaninsa Abdullahi ne ya mayar da martani, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin wa'azi muni. To kun ga, yarinyar da ta tashi a nan ba ta taɓa jin cewa karatu alfarma ce aka yi mata ba.

Abin da ta gani wurin mahaifinta kuwa, na farko shi ne mutumin da mulki ke bi yana kaucewa. Shekaru kaɗan kafin a haife ta, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar tasa. Maimakon dukiya ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ku duba da kyau, biyun ƙarshe ba na jama'arsa kaɗai ba ne, na kowa ne. Asma'u ba ta ga wannan da idonta ba, amma labari ne da ake maimaitawa a gidansu. Abin da ta gani da ido shi ne uban da ruwayoyi suka nuna yana tufka igiya da hannunsa don ya ci halaliyarsa, suturarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Tana da shekara goma ko sha ɗaya komai ya birkice. Dangantaka da fadar Gobir ta lalace tun zamanin Nafata, ta ƙarasa rushewa a zamanin Yunfa. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka ɗora littattafai a kan raƙuma, a can aka yi wa Shehu mubaya'a. Watanni kaɗan bayan haka aka yi nasara a Tabkin Kwatto. Mu a aji nan muke tsayawa, don nasara daɗin faɗi gare ta. Amma ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa, an kashe mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu a rana guda. Sai yunwa, sai cuta, sai yawo daga sansani zuwa sansani, sai mummunar asarar Alwasa a 1805, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu inda mata da yara suke. Yarinya ce da ta ga zawarawa da marayu suna ƙaruwa kowane wata, kuma ta san cewa shawarar da maza uku ko huɗu na gidansu suka yanke ce ke jawo rayuwa ko mutuwar mutane. Ina ganin wanda ya ga haka yana ƙarami ba zai taɓa ɗaukar shugabanci abin ado ba.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A nan ne Shehu ya yi abin da har yau nake jinjinawa. Mutumin da ƙasa ta dawo tafin hannunsa, sai ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa da rubutu, a 1812 ya raba tafiyar da mulki: yamma ga ƙaninsa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. Bai gina fada ba. Ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817.

Sai dai in ana son a fahimci Asma'u, ni a ganina ba wurin Shehu kaɗai za a tsaya ba. A duba mutanen nan biyu da ya bar wa aiki, baffanta da yayanta, don sun nuna mata hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba.

Abdullahi ɗan Fodiyo malami ne na gaske, masanin Larabci da shari'a, kuma shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto. Amma a wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, ya duba mutanen da ke tare da shi ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Waɗanda suka fito don gyara sun fara son dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da muƙamai. Zuciyarsa ta ƙi ɗauka. Ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo gida. Wato tun tafiya ba ta yi nisa ba, wani na cikin gida ya riga ya faɗa da babbar murya cewa an fara sauka daga layi. Asma'u na da kamar shekara sha huɗu a lokacin, a shekarar da aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello.

Shi kuwa Bello, wanda ya girme ta da shekara goma sha biyu, irin mutanen nan ne da ba sa barin wuri don ya ɓaci. Shi ya gina Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu aka yi masa mubaya'a, Abdullahi ya taso daga yamma ya tarar an rufe ƙofar gari. Ku yi tunanin yadda gidan ya kasance a wannan lokaci: baffa da ɗan wansa ba sa ga maciji, ga tawaye ya ɓarke ta ko'ina, har Abdussalami, ɗaya daga manyan almajiran Shehu, ya juya baya. Asma'u tana tsakiya, ƙanwar wannan, 'yar wan wancan, matar wazirin sabon Sarkin Musulmi. Ba a daidaita ba sai bayan 'yan shekaru, da 'yan tawaye suka tsaya wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki. Ruwaya ta nuna da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Kowa ya ba ɗan uwansa abin da yake nasa, ɗaya girman shekaru, ɗaya girman muƙami.

Wannan wurin nakan daɗe ina juya shi, don mu ma muna da irin mutanen nan biyu a kowace ƙungiya, daga ta sashe har ta jiha. Akwai mai tsantseni da in ya ga an fara wasa da kuɗin ƙungiya sai ya ajiye muƙami ya koma gefe, hannunsa fes. Akwai wanda zai zauna cikin ɓarnar yana gyara abin da ya iya, ana zaginsa tare da ɓarayin. Na farkon ya fi kwarjini a ido, amma in duk masu tsantseni suka fice, wa aka bar wa asusun? Abdullahi kansa ai komowa ya yi, ya riƙe Gwandu har rasuwarsa. Asma'u ta ɗauki harshen baffanta wajen faɗin gaskiya, amma zaman da ta yi irin na yayanta ne, ba ta taɓa tattara kayanta ta bar fagen ba.

Shekaru ashirin na mulkin Bello, daga 1817 zuwa 1837, su ne makarantarta ta gaske. Mutum ne da ke yaƙi, yana gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno, yana rubutu kan magani da kan siyasa, kamar Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. An san shi da ƙin cin dukiyar baitulmali, yana neman na kansa. Gidan mijinta Giɗaɗo kuma nan ne masaukin manyan baƙi da wasiƙun daula, har Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 a hannun Giɗaɗo ya sauka. Abin da ya fi burge ni da Bello shi ne bai ɗauki ƙanwarsa 'yar rakiya ba. Gab da ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi da Larabci kan salihan mata na tarihin Musulunci, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa don matan da ba su jin Larabci su samu. Shugaba ne da ya gane akwai rabin al'umma da muryarsa ba ta kaiwa gare su, ya kuma san wa zai ba aikin.

Su wane ne wannan rabin? A nan sai an faɗi abin da ba a cika faɗa a taron tunawa ba. Yaƙe-yaƙen sun jawo an kamo mata da yawa daga Gobir da sauran wurare, an shigo da su gidaje da ƙauyukan daula a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai, an raba su da danginsu. Ga kuma matan karkara da ba su taɓa zama gaban malami ba. Abin da waɗannan mata suka sani na neman sauƙi in ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori, kuma a Gobir bori na da shugaba mace mai ƙarfin faɗa a ji, Inna, 'yar gidan sarauta. Mai mulki zai iya cewa a hana da bulala. Asma'u ba ta bi nan ba. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowacce a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗe, alamar da mata suka riga suka sani a kan manyan matan Gobir. Alama ta nan yadda take, ma'anarta ce ta sauya. Jaji kan taho da ayarin mata, galibi 'yan mata ƙanana da waɗanda suka manyanta, tunda matan aure masu ƙananan yara ba su iya doguwar tafiya, su zo wurinta su koyi waƙoƙi, su koma su koyar a gida. Su ne 'Yan Taru. Sadakar da suka kawo ta hatsi da zuma da tufafi kuma a raba wa mabuƙata.

Mu da ke karatun fasaha ya kamata mu fi kowa ganin gwanintar da ke nan. Ba injin buga littafi, takarda tsada, yawancin ɗaliban ba su iya karatu ba. Sai ta zuba darasin cikin waƙa, abin da mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙa, ta yi kan tauhidi da tsarki da salla, ta ba da tarihin Shehu a Waƙar Gewaye. Ta rubuta da Larabci ga malamai, da Fulatanci ga danginta, da Hausa ga jama'a, ayyukan da aka tattara sun haura sittin. Amma tsarin 'Yan Taru bai tsaya kan haddar salla ba, ana sa ran mace ta koma ta duba mara lafiya, ta taimaki mai haihuwa, ta yi wa gawa sutura, ta sasanta masu faɗa. Aikin da ta ga iyayenta mata na yi a tsakar gidan Ɗegel ke nan, ta faɗaɗa shi ya game ƙasa.

In kana son sanin abin da mutum ya ɗauka shugabanci, duba wa yake yabo da kuma dalilin yabon. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta yi masa marsiyya ta kuma yi waƙa kan halayensa. Mutum ne da shekara guda kafin nan ya ci babban yaƙin Gawakuke, amma ba yawan garuruwan da ya ci ta fi ba ƙarfi ba, sai iliminsa, da adalcinsa, da tausayin talaka, da tsare hannunsa daga abin da ba nasa ba. Kuma alƙalamin da ya yi wa Sarkin Musulmi marsiyya shi ya yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ta yaba da haƙuri da sada zumunci, shi ya yi wa wata jajinta Hauwa'u. Ma'auni ɗaya ta sa wa sarki da maƙwabciya. Wannan ya sa na daina raina abin da na gani a namu gidan. Mahaifiyata ta shekara da shekaru tana riƙe adashin matan unguwa, kuɗin mutane a ɗaki ko da babu na cefane ba ta taɓa su. Da yawanmu a nan ba mu fito gidan sarauta ko gidan malamai ba, amma da wuya a rasa irin wannan mutum guda a gidan kowa.

To amma kada a ce ina nufin gida ne ke yin komai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Gidajen jihadin nan su suka haifi 'ya'yan sarautar da suka koma cin irin abin da iyayensu suka yaƙa, Asma'u kuma ta rayu ta gani. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da masu ƙwace kayan talakawa da azabar lahira, a lokacin da masu mulkin 'yan uwanta ne da 'ya'yan abokan babanta. Da aka tuɓe wani basarake na Yabo da ake kira Ɗan Yalli saboda munin halinsa, waƙar godiya ga Allah ta yi, ba ta duba gidan da ya fito ba. Ke nan abin da ta gada daga gida ma'auni ne, kuma ta yarda a auna 'yan gidan da shi. Nan ne muke faɗuwa yau. In aka ce wane ɗan wane ne, sai mu ɗauka magana ta ƙare, a siyasar ƙasa haka, a zaɓenmu na makaranta ma haka, sai dai mu sauya ɗan wane da ɗan garinmu ko ɗan sashenmu.

Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo suka duƙufa kan tattara tarihin Shehu da Bello da adana rubuce-rubucensu, don waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa. Ta ga zamanin Atiku, da na Aliyu Babba, wanda ɗanta Abdulƙadir ya yi wa waziri, da na Ahmadu ɗan Atiku. Ta binne mijinta, ta binne aminiyarta A'isha matar Bello, ta binne kusan duk waɗanda suka yi hijirar Gudu tare, tana ta rubutu har ta haura saba'in. Ta rasu a wajen 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare.

Ƙanwarta Maryam ce ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayan ta kuma 'yarta Tamodi, ayarin mata suka ci gaba da zuwa Sakkwato har cikin zamanin Turawa da bayansa. Wazircin Sakkwato ya zauna a zuriyarta, kuma daga cikin wannan zuriya ne aka samu Waziri Junaidu, wanda ya adana takardunta ya buɗe wa Jean Boyd su. Ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997, shekarar da shi Wazirin ya rasu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.